Karen da Ba Ya Tsaron Ƙofa

Tun ranar da ɓarayi suka shiga gidan da rana tsaka, Malama ba ta sake kwana a cikinsa ba. Ba su taɓa ta ba. Tana kicin tana wanke-wanke, ta juyo ta ga mutum biyu tsaye a bayanta, ɗaya rungume da talabijin kamar mai rainon jariri, ɗayan ya ɗora yatsa a kan leɓe. Suka fice da abin da suka ɗauka, har da ja mata ƙofa. Da yamma 'yarsu Auta ta zo ta tafi da ita, wai sai hankalinta ya kwanta. Hankali ya ƙi kwanciya har damina ta shigo ta wuce.

Mijinta, wanda unguwa ke kira Alƙali ko da yake ya daɗe da ajiye aiki, ya zauna shi kaɗai da kujeru. Ya canja makullai. Ya ƙara wa katanga tsawo, ya sa aka dasa ƙarafa a tagogi har gidan ya koma kamar wuraren da ya riƙa aika mutane a zamaninsa. Duk abin da ya yi sai ya buga waya ya ba da rahoto, Malama ta ce, “To, madalla,” ta ci gaba da zamanta a bene na uku, a ɗakin da ta raba da keken jikanta. Mutumin da matarsa ke da rai, kuma tafiyar mota guda ce tsakaninsu, bai kamata ya cika duniya da ƙorafi ba. Akwai waɗanda nasu nisan ba mota ke cinye shi ba. Amma Alƙali bai taɓa auna baƙin cikinsa da na wani ba, kuma shayin da yake haɗa wa kansa ya isa ya sa kowa kuka.

Sai Auta ta fara wata magana. 'Ya'yan zamani suna son iyayensu irin son da masu kwasar kaya ke yi wa kabad: a ɗauka a hankali, a ajiye inda ba zai tare hanya ba.

“Baba, gidan nan ya yi muku girma. A sayar, ka dawo wurinmu. Mama ba za ta koma ba, ni na san uwata.”

“Ni ma na ɗan san ta,” in ji Alƙali. “Mun taɓa haɗuwa kafin a haife ki.”

Ya kashe wayar, amma maganar ta zauna masa. Ya san in Malama ba ta dawo ba, gidan zai tafi, shi kuma ya ƙare a kan kujerar roba a barandar suruki, yana kallon rufin motoci.

A nan ne tunanin kare ya zo masa. Kuma da yake shi mutum ne da bai taɓa sayen ko buta ba tare da bincike ba, sai ya sayo littattafai, ya baje su a kan teburin cin abinci, ya zauna musu kamar yadda yake zama wa fayil. Ya karanta halin karen makiyaya, wanda in bai sami tumaki ba sai ya tattara yaran gida. Ya karanta na karen farauta, mai bin hanci ya manta da ubangidansa. Ya karanta na ƙananan nan masu gashi kamar tsumman goge mota, ya rufe shafin da sauri. Bayan haka ya kira shaidu. Maƙwabcinsa Mai Taya, mai shagon faci a bakin titi, ya ba da shaida cewa ɓarawo ba ya jin tsoron komai sai haƙori. Wani tsohon ɗan sanda da ya taɓa tsaron kotunsa ya rantse da irin karen da suke aiki da shi. Mai kawo ruwa ma an saurare shi. Alƙali ya auna hujjoji, ya yanke hukunci: babban kare, baƙi, mai faɗin kai, mai muryar da za ta sa mutum ya tuna da uwarsa.

A bayan asibitin dabbobi, can ƙarshen gari, akwai wani fili da aka kewaye da waya inda ake ajiye karnukan da masu su suka gaji da su, ko suka mutu suka bari, ko suka yi ƙaura zuwa gidan hayar da ba a yarda da dabba ba. Wata likitar dabbobi ce ke riƙe da wurin, mace mai takalmin roba har gwiwa da muryar da ta dushe saboda magana cikin haushi. Ƙa'idarta ita ce ba ta bayar da kare kai tsaye. Sai ka tafi da shi gwaji, ku zauna, in kun dace shi ke nan, in ba ku dace ba ka dawo da shi ba tare da kunya ba.

“Wa ke wuni a gidan, Baba?” ta tambaye shi.

“Ni.”

“Kai kaɗai?”

“A halin yanzu.”

Amsar gaskiya ce, irin gaskiyar da lauyoyi ke faɗa. Likita ta dube shi, ta dubi sandarsa, ta ce irin da yake nema yana son yawo da aiki, kuma ba ya raba amana gida biyu. Alƙali ya karanto mata abin da littafi ya ce, har da ƙarin da ita ba ta faɗa ba. Ta ɗaga kafaɗa, ta kai shi wurin Janar.

A yi wa Janar adalci: kare ne na kirki. Mai shi ne aka yi wa canjin wurin aiki ya bar shi. In an ce zauna, ya zauna. In an ce tsaya, ya tsaya kamar an kafa shi da siminti. Da ya shiga gidan Alƙali ya zagaye katanga sau ɗaya, ya ɗauki ƙofar waje a matsayin ofishinsa. Babur ba ya wucewa sai ya yi masa jawabi. Mai tallan gawayi ya daina bin layin. Alƙali kuwa ya sami abokin fita da safe, ko da yake duk wanda ya gan su ya san wa ke jan wani. Ya buga wa Malama waya, murya cike da nasara.

“Ki zo ki gani da idonki. Ko kyanwa ba ta isa ta shigo ba.”

Ta zo wata ranar hutu da hantsi, Auta ce ta tuƙo ta. An ɗaure Janar da sarƙa, ya miƙe a kan ƙafafun baya yana sanar da duniya cewa ga baƙi. Malama ta raɓa ta jikin bango ta wuce. Ta shiga falo, ta shafa yatsa a kan tebur, ta dubi yatsan, ta dubi mijinta. Daga nan ƙafarta ta kai ta kicin, domin macen da ta shekara arba'in da wani abu tana mulkin wuri ba ta iya ganin tukwanenta a irin wannan hali ta zauna. Ta naɗe hannun riga, ta buɗe famfo.

Alƙali ya ji wani sanyi a ransa. Ƙarar ruwa a kan kwanon ƙarfe, ƙarar da ya yi watanni bai ji daga hannun kowa ba sai nasa. Ya yi wa Auta kallon wanda ya ci shari'a.

Ana cikin haka aka buga ƙofa. Janar ya ɓarke da haushi har gilashin taga na rawa. Mai Taya ne, ya ga motar Auta, ya zo gaida Malama. Alƙali ya riƙe sarƙa ya shigo da shi, ya ce, “Tana kicin, zo ka ga ikon Allah.” Suka bi ta baranda, suka tsaya a bakin ƙofar kicin, su biyu, a bayanta. Mai Taya ya yi sallama. Ba ta juyo ba. Ya sake yi, da ɗan ƙarfi. Sai da ta miƙa hannu za ta ɗauki soso ta hangi inuwa, ta juyo.

Farantin ya tarwatse a ƙasa. Ba ta yi ihu ba; da ta yi da ya fi sauƙi. Ta zame ne a hankali ta jingina da kabad, hannayenta jiƙe da kumfa, idonta a kan mijinta amma ba shi take gani ba. Mai Taya ya riƙa cewa “subhanallahi, ni ne fa, Malama, ni ne,” yana ja da baya har ya taka kwanon Janar.

Da aka zaunar da ita a falo aka ba ta ruwa, Alƙali ya kasa haƙuri.

“Amma ba ki ji karen ba? Har bakin titi an ji shi.”

“Tun da na shigo yake yi,” in ji ta. “Can nesa nake jin sa, kamar ana jan tebur a gidan maƙwabta. Ina zan san na babur, ina zan san na mutum?”

“Nesa? A tsakar gida yake!”

Auta ta ajiye kofin da ƙarfi. “Baba, kunnen Mama na hagu ya mutu tun kana aiki. Na daman ma saura rabi. In famfo na zuba ko ganga ake bugawa a bayanta ba ta sani ba.”

“Ba wanda ya gaya mini.”

“An gaya maka,” in ji Malama, muryarta ta fara dawowa. “Ni na gaya maka, ranar da na dawo daga asibiti. Kana karatu. Ka ce a ɗage maganar sai ka kai ƙarshen babi.”

Alƙali ya tuna shekarun da yake magana daga kujerarsa, wadda ke hagu da tata, ta yi masa shiru, shi kuma ya lissafa shirun a cikin laifuffukanta.

“Na ɗauka share ni kike yi.”

“Wani lokacin share kan nake yi,” ta ce. “Ba kullum ba.”

A mota, kafin su tashi, Auta ta leƙo ta taga ta ce ta san wani dillalin gidaje mai mutunci. Alƙali ya koma ciki ya tsaya a gaban littattafansa. Ya saurari mai faci, ya saurari ɗan sanda, ya saurari mai ruwa. Wadda aka shigar da ƙarar dominta ce kaɗai bai kira ba. Da ƙaramin alƙali ne ya yi haka a ƙarƙashinsa, da ya rubuta masa takardar da zai riƙa tunawa har ya tsufa.

Ya mai da Janar. Likita ba ta yi masa gori ba, ta ce ma akwai mai wurin sayar da katako da ke neman irinsa, fili mai faɗi da ƙofa ɗaya, inda haushi sana'a ce. Daga nan Alƙali ya wuce gidan Auta, ya hau benen nan yana hutawa a kowane hawa, ya zagaya ta hannun daman matarsa ya zauna.

“Ban zo da hukunci ba,” ya ce. “Tambaya na zo yi. Me kike tsoro a gidan?”

Ta juyo gare shi.

“Ba ɓarayin ba ne. Talabijin suka ɗauka, kuma dama labarai kawai kake kallo a ciki. Juyowar ce. In juyo in ga mutum ya riga ya iso. A nan ko yaushe akwai wani a gabana, yara na shiga suna fita. A can kai kana ɗakin karatu, ni ina bayan gida, duk wanda ya ga dama sai ya zo har wuyana.”

“Za ki raka ni wurin karnukan? Ke ki duba. Ni na duba nawa, kin ga abin da na samo.”

“Ni da kare? Alƙali, tsufa ne ko me?”

“Tsufa ne. Za ki?”

Ta je, Auta na biye da su da fuskar wadda aka tilasta wa zuwa biki. Likita ta ba Malama benci a ƙarƙashin wata bishiya a tsakiyar filin, ta sa aka saki masu sanyin hali su yi yawo: wata tsohuwar karya mai furfura a baki, wasu 'yan biyu masu gajerun ƙafafu, da wani siriri mai launin toka, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wanda bai zo kusa da kowa ba. Likita na bayanin kowanne, mai haƙuri da yara, mai son barci, mai cin takalmi. Malama na gyaɗa kai irin na wadda rabin maganar ke wuce ta.

Sai mai kawo buhunan abincin dabbobi ya iso ya buga ƙofar ƙarfen da ke bayan bencin. Karnukan duka suka kwasa suka yi ƙofa, na keji na tsalle, na waje na haushi. Siririn nan kaɗai ya yi akasin haka. Ya zo da gudu, wutsiya a matse, ya buga kafaɗarsa a ƙafar Malama, ya manne. Ya dubi ƙofa, ya ɗago ya dube ta, ya sake duban ƙofa. Malama ta bi idonsa ta waiwaya. Ƙofar na buɗewa, mutumin na shigowa da buhu a kai, yana can nesa, ita kuma tana kallonsa tun daga takunsa na farko.

“Yi haƙuri, Mama,” in ji Likita, tana ƙoƙarin janye shi. “Toka ke nan. Halinsa ne, na rasa yadda zan yi da shi. Ba sau ɗaya aka ɗauke shi aka dawo da shi ba. Kowa mai gadi yake so, shi kuwa da an taɓa ƙofa sai ya nemi ƙafar mutum ya ɓuya. Matsoraci ne na ƙarshe.”

“Bar shi,” in ji Malama. Ta juya ga mijinta. “Alƙali, fita ka buga ƙofar nan.”

“Ni?”

“Akwai wani alƙalin a nan?”

Haka mutumin da a da ake miƙewa in ya shigo ya fita waje ya buga ƙofa da sandarsa. Toka ya ruga ya manne da ƙafar Malama. Ta ce a sake, amma ya jira sai ta juya baya, kuma kada ya buga, ya turo kawai. Ya turo a hankali, yana sanɗa kamar ɓarawon kaji. Bai yi taku uku ba karen ya riga ya kai rahoto. Ta aika shi ta ƙaramar ƙofar baya. Ta sa Likita ta buɗe famfon wankin karnuka, ta tsaya a gabansa ruwa na zuba a bokiti. Duk ta inda Alƙali ya ɓullo, sai ya tarar da matarsa ta riga ta juyo tana jiransa, hannu a ƙugu. A zuwa na ƙarshe dariya take yi, irin dariyar da rabonsa da ji tun kafin damina.

Ya dawo yana haki, ya zauna a bakin bencin.

“Wane iri ne shi? Ban gan shi a littafi ba.”

“Uwar dai mun san ta, karyar wani mai lambu ce,” in ji Likita. “Uban kuwa har yau ba a kama shi ba.”

“Wato ba shi da asali.”

“Kai mai asali,” in ji Malama, “wa ka taɓa faɗa wa an shigo?”

Auta ba ta yi dariya ba. “Mama, ku tsaya. In ɓarayi suka dawo fa? Wannan a cikin zaninki zai ɓuya.”

“Sai mu ɓuya tare, ina kallonsu. Babanki ya sa ƙarfe ko'ina, in sun iya shigowa sun cancanci rediyon. Ni dai kada a sake iso mini ban sani ba.”

Likita ta tuna musu ƙa'ida: gwaji ne, kuma kare mai tsoro yana son gida mai shiru, ba duka, ba tsawa, a bar shi ya saba a hankali. Ta ce ba ta yi alkawarin zai yi wa kowa haka a ko'ina ba. Dabba ce, ba ƙararrawa ba. Malama ta gindaya nata sharuɗɗan. Tsakar gida da baranda da bakin ƙofar kicin nasa ne, ɗaki ba nasa ba ne, kwanonsa daban, kuma wanka aikin Alƙali ne. Ita ma gwajin za ta yi: za ta riƙa wuni a gidan, Auta ta ɗauke ta da yamma in ta taso daga aiki.

Ba za a ce komai ya tafi daidai ba. Ranar farko Toka ya shige ƙarƙashin tankin ruwa ya ƙi fitowa, sai da Alƙali ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ƙara yana lallashi da guntun nama, yana faɗa masa maganganun da bai taɓa faɗa wa 'ya'yansa ba. Ya kai rahoton ƙadangare, ya kai rahoton leda da iska ta kwaso. Wata rana kuma barci ya ɗauke shi a rana, mai karanta mitar wuta ya shigo har baranda, Malama ta zabura da ganinsa, Alƙali ya ɗauka shi ke nan, an gama. Amma washegari ta dawo. Karen ya koyi kwanciya a bakin ƙofar kicin, inda yake ganin baranda da ido ɗaya, bayanta da ɗayan. Mai Taya, wanda yanzu yake tafa hannu tun daga titi kafin ya shigo, ya ce bai taɓa ganin gidan da mutane ke gadin kare ba sai wannan.

Wata yamma Malama na yanka albasa, Alƙali na tsaye a damanta yana karanta mata wani abu daga jarida da ba ta tambaya ba, sai Toka ya tashi ya manne da ƙafarta. Ta leƙa ta taga. Motar Auta ce ta tsaya a waje. Malama ta ci gaba da yankanta har Auta ta shigo da makulli a hannu.

“Mama, ki yi sauri, akwai cunkoso a hanya.”

“Na ɗora tukunya. Ki tafi kawai. Gobe in za ki wuce ki taho mini da magungunana da takalmin gida.”

Auta ta dubi uwarta, ta dubi ubanta, wanda ya duƙufa a kan jarida kamar bai taɓa ganin rubutu ba.

“Gwaji ne fa kuka ce.”

“Gwajin nake yi. Ai ban gwada kwana ba tukuna.”

“To maganar dillalin fa, Baba?”

“Ki gaishe shi,” in ji Alƙali.

Da motar ta tafi, Malama ta ce sanyi ya fara sauka, a nemo wa karen abin shimfiɗa a baranda. Alƙali ya shiga ɗakin ajiya ya fito da wani tsohon buhu. Ta dubi buhun, ta ce ba wannan ba, bargon nan mai ruwan ƙasa da ke kan kujerarsa ta karatu. Ya ce bargonsa ne. Ta ce ba ta ji ba, ya zagayo ta dama ya maimaita. Ya zagayo ya maimaita. Ta ce yanzu ta ji, ya je ya ɗauko.